Hutun Masu Magani a Kudancin Kogin Kaduna: Tarihin Wani Haƙƙi

Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta kewaye birnin Kaduna ta yamma, wadda aka raɗa wa sunan Nnamdi Azikiwe, ya baro mararrabar Abuja yana nufin gadar da ke ƙetare kogi zuwa Kabala ta Yamma, to, kafin ya isa bakin ruwa zai wuce ta gefen Kudenda, unguwar da dogayen katangun masana'antu da jerin manyan motocin dako suka tsare wa fuska, har baƙo ya zaci ba kowa a cikinta sai injuna, alhali kuwa a bayan katangun nan akwai gidaje birjik na leburori da direbobi da 'yan tireda da malaman makaranta, waɗanda ke haihuwa, su yi ciwo, su tsufa kamar sauran bayin Allah. Nan ne masana'antar giyar da kamfanin Nigerian Breweries ya saya a 2011, nan ne kamfanin kwalabe, nan ne kuma tashar lantarkin da aka ba da kwangilarta a 2009 aka shafe fiye da shekara goma ba ta haska gidan kowa ba. Kudenda dai ba ta yi suna da asibiti ba. In ciwo ya fi ƙarfin kemis da ƙaramin asibitin unguwa, sai a ɗauki mutum a nufi babban asibitin Dokta Gwamna Awan, ko asibitin St. Gerard na Katolika da ke Kakuri, in kuwa larurar ta ƙwaƙwalwa ce a zarce Barnawa.

Mutanen da ke karɓar maras lafiya a waɗannan wurare, wato likitoci da nas-nas da ungozomai da malaman ɗakin gwaji da masu shara da masu tura gado, su ne abin maganata, ta fuskar abin da ke tsare su su kansu daga lalacewa a cikin aikin. A 'yan shekarun nan an yawaita yi musu nasiha a kan kula da kai: su sami barci isasshe, su ci abinci a kan kari, su koyi zama shiru suna bin numfashinsu da hankali har zuciya ta natsu. Ana kawo wannan nasiha tamkar sabon ilmi ne da ya ƙetaro teku, kuma haƙiƙa wani sashe nata ya ƙetaro ɗin. Sai dai wanda ya waiwayi tarihin wannan yanki zai tarar hutun mai magani tsohon abu ne a wurinmu, kuma mutanen da sun ɗauke shi a matsayin haƙƙin da mai magani yake bin jama'a, wanda tsarin zama ya riƙa biya ba tare da an yi masa taro ba, sa'an nan aka yi ta zaftare shi kaɗan-kaɗan har ya kusa ƙarewa.

Kafin Gwamna Lugga ya zaɓi bakin kogin nan, a ɗauke helkwatar Arewa daga Zungeru a kawo ta a 1917, filayen kudancin kogin gonaki ne da ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, mutanen doya da dawa da ginin tukwane. Har gobe ana ganin tsofaffin matansu suna ɗauke da itace ko ƙwaryar doya a kafaɗa, ba a ka ba, in kuwa aka tambaye su dalili sai su ce kai shi ne sarkin jiki, tunani ya ishe shi kaya, bai kamata a ƙara masa wani ba. Ko mene ne asalin al'adar, tana nuna mutanen da suka san cewa gaɓar da ke yi wa sauran jiki hidima tana da iyakar abin da za a ɗora mata.

Hausawan da suka biyo jirgin ƙasa da barikin soja suka zauna a sabon garin sun zo da masu maganinsu irin na gado: wanzami da zabirarsa, mai aski da ƙaho da kaciya da cire beli, maɗori, wanda ake kai wa karaya da gocewar ƙashi, ungozoma, tsohuwar da ta gama haihuwarta, wadda ke yanke cibiya ta yi wa jariri wanka har ranar suna, da 'yar mai ganye, da boka, da malamin rubutun sha. Abin lura game da waɗannan duka shi ne, ba ɗaya daga cikinsu da magani ya cinye masa yini da dare duk tsawon shekara. Wanzami manomi ne in damina ta faɗi, kuma babban aikinsa na kaciya sai hunturu ake yinsa, lokacin da aka kawar da amfanin gona, sanyi kuma ya sa miki ba ya saurin ruɓewa. Maɗori yana iya yin mako ba a kawo masa kowa ba. Ungozoma unguwarta kaɗai ta sani, matan da take karɓar haihuwarsu kuwa galibi ta san iyayensu, wata ma ita ce ta yanke mata cibiya. Ladan shi ke raba musu yini gida biyar, ƙailula tana nan bayan hantsi ya ɗaga, kuma in magariba ta yi sai larura mai ƙarfi ke sa a buga wa mutum ƙofa, wanda ya buga ɗin ma sai ya fara da ban haƙuri.

Sa'an nan ba su ɗaukar nauyin su kaɗai. Sana'ar ta gida ce, ɗa yana riƙe wa ubansa zabira tun yana yaro, yadda duk ranar da hannun tsoho ya fara rawa akwai wanda zai karɓi askar ba tare da an yi shela ba, kuma a bisa wanzaman gari akwai Sarkin Aska da za a kai wa abin da ya gagara. Ranar suna ana fitar wa wanzami da ungozoma rabonsu daga ragon suna, ban da hatsi da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, da kaka kuma wanda aka ɗora wa ƙafa bai manta da dami. Kada mai karatu ya zaci ina kukan a koma wancan zamani. Maganin lokacin mai rauni ne ƙwarai, jarirai da yawa sun mutu saboda askar da ba a tafasa ba, mata da yawa sun gamu da yoyon fitsari ta dalilin yankan gishiri da doguwar naƙuda a ɗaka. Abin da nake cewa kurum, mai magani na wancan zamani jama'a sun ciyar da shi, sun girmama shi, sun kuma bar shi ya yi barci.

Malamai kuwa sun rubuta hukuncin abin da talakawa suke yi bisa al'ada. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya lissafa ilmin likitanci cikin Ihya'u Ulumid Din a jerin farillan kifaya, wato wajiban da ke wuyan al'umma gaba ɗaya, in wasu sun tsayu da su a wadace laifi ya faɗi daga kan saura, in kuwa ba a tsayu ba kowa ya yi zunubi. Wannan mas'ala ta fi yadda ake karanta ta zurfi. Sharaɗin saukar da nauyin shi ne wadatuwa, saboda haka garin da ya sami mutum biyu ya ɗora musu aikin mutum ashirin, ya koma gida ya kwanta yana ganin ya fita, bisa ƙa'idar nan bai fita ba tukuna. Kuma Buhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar yana azumin yini da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa, ya tilasta masa cin abinci da barci, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa yake da shi, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kuma gaskata Salmanu. In ibada kanta ba ta halatta wa mutum ya halaka jikinsa ba, ina ga aikin albashi?

Likitocin daular Abbasiyawa sun faɗaɗa wannan. Is'haƙ ɗan Aliyu Arruhawi, a ƙarni na 9, ya wallafa Adabut Tabib, wanda ake lissafawa cikin littattafan farko a kan ladubban likita, ya kuma keɓe babi guda a kan yadda likita zai kiyaye jikinsa, tun daga abincinsa da barcinsa har motsa jiki da tsafta, domin a ganinsa wanda ya kasa tsare lafiyar kansa ba a amince masa da ta wani ba. Abu Zaidi Albalhi, almajirin Alkindi, wanda ya rasu a 934, ya raba littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus gida biyu, rabi na jiki rabi na rai, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake magancewa, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da hankalinsa ke kwance, domin ya jawo su ranar firgici. Shi Gazali kuma, a babin muraƙaba da muhasaba, yana bin sawun Harisul Muhasibi na Bagadaza, ya tsara wa mutum yininsa: da asuba ya gindaya wa ransa sharaɗi, da rana ya sa masa ido cikin kowane motsi da kowane tunani da ya ɗarsu, da dare ya zauna ya yi masa hisabi. Wannan ilmi ya iso ƙasar Hausa cikin gafakar malamai, har ma aka yi ta talifi a kansa a nan gida. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar risaloli da dama a kan tibbu, ƙanwarsa Nana Asma'u ita ma ta yi nata.

Turawan mulkin mallaka, da suka zo, sun san darajar hutu matuƙa, illa dai kansu suka fi yi wa tanadinsa. Ma'aikacin Bature, likita ne ko joji, in ya yi shekara guda ko shekara da rabi a ƙasar zafi sai a sa shi a jirgin ruwa ya tafi Ingila ya huta watanni da cikakken albashi, a tsakani kuma akwai sanyin Jos da ake zuwa shan iska. 'Yan mishan ma tun farkon ƙarni na 20 suka gina gidan hutu a Miyango domin ma'aikatansu da suka jigata. Asibitin da a yau ake kira da sunan Barau Dikko asalinsa gidan jinya ne da aka yi domin Turawan Kaduna. Sistocin da suka riƙe shi sun fito ne daga tarbiyyar Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantarta a asibitin St. Thomas na Landan a 1860, tarbiyya mai tsananin horo, amma mai ɗauke wa ɗaliba nauyin ɗaki da abinci, mai kuma ƙayyade lokacin kwanciya. Ita Nightingale ɗin ma jiki magayi ne a kanta, domin bayan ta komo daga yaƙin Kirimiya ta yi shekaru masu yawa tana aiki daga kan gado.

'Yan ƙasa da aka fara horarwa, irin dispensocin makarantar haɗa magunguna ta Zariya da aka buɗe a 1930, da duba-gari na makarantar tsafta ta Kano, ba su sami jirgin ruwa ba. Akan tura dispensa shi kaɗai asibitin sha-ka-tafi na En'e, ya zama shi ne likita, shi ne nas, shi ne akawu. Abin da ya riƙe su shi ne ragowar tsohon tsarin: gari ya ɗauke su malamai, hakimi ya ba su gida, aka riƙa aiko musu da ƙwai da zabi, kuma in la'asar ta yi an rufe ƙofa. Dokta Barau Dikko, haifaffen Wusasa a 1912, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Bamingham, har ya sami sararin zama da abokansa a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, abin da zai yi wa ƙaramin likitan yau wuya ko da yana da himmar.

Shekarar 1957 ita ce mahaɗar labarin a kudancin kogi. A cikinta aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankasha, a cikinta kuma aka kafa asibitin St. Gerard. Cikin shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya, da masana'antar makaman soja a 1964, da kamfanin harhaɗa Peugeot a 1975, aka ci gaba da yanka filayen masana'antu har aka kai Kudenda. Da masaƙa wani sabon lokaci ya shigo ƙasar, lokacin da bai san damina ba, bai san hunturu ba, bai kuma jiran ladan. Inji ba a kashe shi, don haka aka raba yini da dare gida uku, jiniya ta yi kuka rukuni ya fito rukuni ya shiga. Dubban samari daga kudancin Zazzau da Binuwai da Filato da ƙasar Igala da ƙasar Hausa suka cika Makera da Kakuri da Nasarawa, ƙurar auduga ta shiga ƙirjinsu, inji ya taɓa yatsunsu, matansu kuma suka riƙa haihuwa nesa da iyaye da ungozomar gida. Duk wannan asibiti ya gangaro, asibiti ma dole ya koma aikin safe da na rana da na dare.

Duk da haka tsarin farko bai bar ma'aikaci tsirara ba. Manyan masaƙu suna da ɗakunan shan maganinsu, waɗanda suka rage cunkoso a asibitin gwamnati. Ma'aikacin lafiya yakan sami kwatas kusa da wurin aiki, yadda in ya tashi daga aikin dare tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da katifarsa. Nas in ta yi jerin kwanakinta na dare sai a ba ta kwanakin hutu, kuma akwai wadda za ta canje ta. Sistocin Katolika kuwa, waɗanda ba su da miji ba su da ɗa, suka kuma yi aiki tuƙuru, dokar ƙungiyarsu ta yanka musu yini da lokutan addu'a da cin abinci tare, ta kuma wajabta musu keɓewa ta wasu kwanaki kowace shekara, ba mai kiransu ɗakin haihuwa. Wanda ya san halwar sufaye ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Zaftarewar ta zo daki-daki. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas da yawa, waɗanda suka rage suka haɗa aikin mutum biyu. Da kuɗin mai ya faɗi, jawabin juyin mulkin ƙarshen Disamba 1983 da kansa ya yi kukan cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kurum, ba magani ba kayan aiki, amma da likitoci suka yi yajin aiki a 1985 gwamnatin sojan ta haramta ƙungiyarsu. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, manyan likitoci suka kama hanyar Saudiyya. Sa'an nan masaƙun suka shiga mutuwa, ta Kaduna ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles a 2007, ɗakunan maganinsu suka tafi tare da su, aka bar dubban magidanta ba albashi, wasu ma ba a biya su haƙƙin sallama ba, ga hawan jini, ga ciwon zuciya, ga 'ya'yan da suka faɗa shaye-shaye. Maras lafiyar da ke zuwa asibiti yanzu ba shi da kuɗin kati, balle na ƙarin ruwa, kuma nas ce za ta tsaya gabansa ta gaya masa ya je ya sayo safar hannu da allura. Wannan wani nauyi ne dabam da gajiyar ƙafa, wato mutum ya san maganin, ya san inda yake, ya kuma kalli mai ciwo yana tafiya don rashin abin da bai taka kara ya karya ba.

A kan wannan aka ƙara tsoro. Rikicin Fabrairu da Mayu na 2000 da na Nuwamba 2002 ya sa kogin ya zama iyaka, Kirista suka yi ta ƙaura kudu, Musulmi arewa, ma'aikatan asibiti kuwa suka ɗinke raunukan ɓangarorin biyu suna tunanin ko gidajensu na tsaye, daga baya kuma wasunsu suka koma ƙetare gada kullum zuwa aiki a unguwar da suka daina kwana a cikinta. A 2020 aka kulle jihar saboda korona tun ƙarshen Maris, kowa ya zauna gida ban da su, alhali alawus ɗin haɗarin da gwamnatin tarayya ke biya naira 5,000 ne a wata, haka kuma ya zauna har ƙarshen 2021. A Mayun 2021, lokacin yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, gwamnatin jiha ta ba da sanarwar korar nas-nas da ke ƙasa da mataki na 14 da suka shiga yajin. Daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, St. Gerard na cikin asibitocin da aka kai wa masu rauni, cikin waɗanda aka kashe kuwa har da wata matashiyar likitar haƙori da ta yi aiki a wannan asibitin. A ƙarshen 2023 aka sace wata likita daga kwatas ɗin Cibiyar Ido ta Ƙasa, ta yi wata goma a hannun 'yan bindiga. A Fabrairun 2024 zazzaɓin Lassa ya kashe ma'aikatan lafiya uku a asibitin soja na 44. Kwatas, wanda dā shi ne wurin hutawa, ya zama wurin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Ana cikin wannan tafiya ne, can a Amurka, aka fara nazarin wannan gajiya ta masu magani da kanta. Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam da ke aikin sa-kai da dare a wani asibitin kyauta na masu shan ƙwaya a Niyok, ya lura a 1974 cewa ma'aikatan da suka fi kowa himma su ne ke fara ƙonewa, bayan kamar shekara guda su zama masu saurin fushi, marasa barci, marasa walwala. Christina Maslach ta fito da ma'auninsa a 1981, ta ce alamunsa uku ne: ƙarewar ƙarfin zuciya, da bushewar tausayi har mutum ya riƙa ganin maras lafiya kamar lambar gado, da jin cewa aikinsa ba ya tsinana komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi kundinta a 2019 a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Alama ta biyun nan ita ce abin da matan Kudenda da Kakuri, da na ko'ina a ƙasar nan, suke kuka da shi in suka ce nas ta daka musu tsawa suna kan gwiwa. Ba na wanke mai tsawa, domin wulaƙanta mace mai naƙuda zalunci ne ko wa ya yi shi. Amma yarinyar da ta shiga makarantar ungozoma da zuciya mai taushi, bayan shekara goma ta zama abin tsoro, ya kamata a tambayi abin da ya same ta a tsakani, da yawan matan da ta karɓa ita kaɗai a dare guda da fitilar waya a baki.

Maganin da ya fi yaɗuwa ya fito daga Jon Kabat-Zinn, wanda ya koyi zaman tattara hankali a wurin malaman addinin Buda, ya cire masa rigar addini, ya buɗe wani sashe a asibitin Jami'ar Masacuset a 1979. Horon mako takwas ne: mutum ya zauna kusan minti 45 kullum yana lura da shigar numfashi da fitarsa, yana bin gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, in tunani ya ɗauke shi ya komo da hankalinsa ba tare da ya zargi kansa ba. Da farko domin masu ciwon da ya ƙi jin magani aka yi shi, daga baya aka gwada a kan masu maganin. Wani nazari da aka buga a 2009, a kan likitoci 70 a garin Rocesta, ya nuna gajiyarsu ta ragu, sauraronsu ga marasa lafiya ya ƙaru. A 2017 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, a taronta na Shikago, ta ƙara wa rantsuwar likita wani sabon alkawari, cewa zai kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da ta wasu. Ƙarin ya zama dole, don kuwa wanzami ba ya son jarfa, kuma likita ya fi kowa jinkirin kai kansa gaban likita.

Ba ni da ja a kan amfanin wannan horo. Wanda ya iya tsayawa daƙiƙa talatin a bakin ƙofar ɗaki ya sauke numfashi kafin ya shiga ya gaya wa uwa ɗanta ya cika, ya fi wanda ya faɗa da gudu. Illa dai ma'aikatan kudancin Kaduna ba su jira Masacuset ba kafin su san halartar da zuciya. Musulminsu yana da alwalar da ke sanyaya fuska sau biyar, da ɗuma'ninar da malaman fiƙihu suka ce salla ba ta inganta sai da ita, da lazimin safe da maraice in ɗan ɗariƙa ne. Kiristansu yana da addu'ar safe da ake yi a tsaye kafin karɓar aiki, da zumuntar ma'aikatan jinya, da waƙar coci. Dukansu kuma suna da adashi, da ankon biki, da kwanon abincin da ake ci tare a ɗakin canja kaya, da zuwa gaisuwar mutuwa ƙungiya guda, waɗanda ba a rubuta su cikin kowane littafin horo ba, amma su suka riƙe mutane da yawa waɗanda da tuni sun zube. Abin da ya ƙaranta shi ne sararin yin su. Mai muraƙaba yana bukatar a bar shi ya zauna, kuma ba a zama sai akwai wanda zai tsaya a madadinka.

Masu binciken Turai ma sun iso nan. Wani nazari da aka jagoranta daga Jami'ar Mancista, aka buga a 2017, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan gajiyar likitoci, ya tarar gyaran da aka yi wa tsarin aiki, kamar rage awoyi da sauya jadawali, ya fi tasiri a kan horon da aka ba mutum shi kaɗai. Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako tun 2003, Tarayyar Turai ta sauko da nata zuwa 48 a 2009. A Nijeriya kuwa, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitocin da suka rage kimanin 55,000 ne ga mutum fiye da miliyan 200, kusan 16,000 kuma sun fita cikin shekaru biyar, hukumar nas-nas da ungozomai ta ce nata fiye da 42,000 ne suka tafi cikin shekaru uku. Kowane ɗaya da ya tafi, aikin darensa wani ne ya gada. A Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta ambaci daidaita awoyin aiki da duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ga shekara ta zagayo abin na kan takarda, sai ta yanka wa kanta iyaka, ta umarci 'ya'yanta cewa daga 1 ga Oktoba 2025 kada wanda ya ƙara wuce awa 24 a jere yana kan kira.